SHIN NEMAN DIYYA RASHIN YARDA DA ƘADDARA NE?



Mako uku da suka wuce, bayan sallar La'asar, aka kawo mini wani bawan Allah wai in yi masa ruƙya. Yayansa ne ya riƙo shi, matarsa na biye da goyo a baya. Suka ce iska ce ta taɓa shi. Tela ne, shekarunsa ba za su haura talatin da biyar ba, kuma an shaide shi da haƙuri da barkwanci. Yanzu kuwa haka kawai sai ya hau faɗa, ya mari ɗansa, can an jima ya tambaya wa ya sa yaron nan kuka. Zai auna mutum, kafin ya ɗauki almakashi awon ya ɓace masa. Sau biyu yana faɗuwa yana shure-shure, kumfa na fita a bakinsa.

Na yi masa addu'a, don addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Amma da na ɗora hannu a kansa sai na ji wani wuri ya lotsa a saman kunnen hagu, ga kuma tabon ɗinki. Na ce wannan fa? Sai a lokacin labari ya fito. Wata takwas ke nan, yana tsaye a bakin titi yana jiran a-daidaita-sahu, tifar wani kamfanin gine-gine ta ƙwace ta yi awon gaba da shi. Kwana tara bai san wanda ke kansa ba. Direban da bakinsa ya faɗa a gaban mutane cewa ya fi mako biyu yana kai kukan birki, ana ce masa ya lallaɓa.

Na ce, "To su masu motar fa?"

Yayan ya ce, "Allah gafarta Malam, ai sun yi ƙoƙari. Sun biya kuɗin asibiti na farko, sun kawo buhun shinkafa da dubu ɗari biyu. Dattawa suka zauna, muka ce mun yafe, mun bar wa Allah. Ƙaddara ce, ba mai kauce mata."

Matar ba ta ce uffan ba. Daga baya na ji cewa keken ɗinkin ma an sayar an sayi magani.

Tun ranar maganar nan ke cin raina, kuma ba zan ɓoye muku ba, har da ni a cikin masu laifi. Na sha zama a irin wannan taro na yi wa masu yafiya addu'a, na ce Allah Ya saka da alheri, ban taɓa tambayar wane ne mai haƙƙin ba, kuma yana ina lokacin da ake yafewa.

Mu fara da ƙaddara, tunda ita ce garkuwar da ake ɗagawa. Babu shakka abin da ya samu mutumin nan rubutacce ne. Wanda ya musa wannan ya taɓa imaninsa. Sai dai Ubangijin da Ya ƙaddara haɗarin Shi ne Ya saukar da aya ta 92 a Suratun Nisa'i, inda Ya wajabta diyya da kaffara a kan wanda ya kashe mumini bisa kuskure. Ka lura, kuskure fa, ba ganganci ba. Mutumin da ya harbi barewa kibiya ta samu ɗan Adam bai yi nufin sharri ba, kuma ajalin mamacin ne ya zo, amma duk da haka shari'a ta ce a biya. Da imani da ƙaddara yana kore lamuni, da wannan ayar ba ta sauka ba. Malamai sun daɗe da bambance abu biyu: ana ambaton ƙaddara don a sanyaya zuciyar wanda musiba ta afka wa, ba a ambatonta don a wanke wanda ya yi sakaci. Mu kuwa mun juya abin. Mai motar ne ke cin ribar kalmar, majinyaci na kwance da fitsari a wando.

Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke, ya juya da mutane. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa masa da cewa daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah. To haɗari ƙaddara ne, gyaran birki ma ƙaddara ne, haka nan diyyar da za ta ciyar da 'ya'yan majinyaci.

Mu zo kan kai da ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya wuce ta wannan babi, sai dai da yawanmu mun ɗauke shi karatun fita, ba na aiki ba. Asalinsa wasiƙar da Manzon Allah (S.A.W) ya aika wa mutanen Yaman ta hannun Amru bin Hazm, wadda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya ga masu zinariya. Idan ka lissafa dinari ɗaya a kan giram 4.25, ka ga ana maganar kilo huɗu da kwata na zinariya. Hukumomin zakka na wasu jihohinmu suna fitar da ƙimar wannan da naira lokaci zuwa lokaci, tare da nisabin zakka da mafi ƙarancin sadaki. Kowa na iya dubawa ya kwatanta da dubu ɗari biyu da buhun shinkafa.

Raunin kai kuma an yi masa daki-daki. Wanda ya tsaga fata da nama har ƙashi ya bayyana, shi ne mudiha, raƙuma 5. Wanda ya fasa ƙashin har ya gusar da shi daga wurinsa, munaƙƙila ke nan, raƙuma 15. Wanda ya ratsa har ya kai ga jakar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, ana ce masa ma'amuma, sulusin diyya. Wannan duk kuɗin raunin ne kawai. Idan kuma hankali ya gushe, to cikakkiyar diyya ce, daidai da ta wanda aka kashe, alhali mutumin na raye yana cin tuwo. Haka ji, haka gani, haka magana, kowanne da tasa cikakkiya. An ruwaito cewa a zamanin Sayyidina Umar an jefi wani mutum da dutse a ka, ya rasa jinsa da hankalinsa da harshensa da ikon kusantar iyali, Umar ya hukunta masa diyya huɗu yana raye.

Wani abin da ya fi ba ni mamaki tun muna ɗalibai shi ne yadda malaman Malikiyya suka yi da wanda hankalinsa bai tafi gaba ɗaya ba. Suka ce a ba shi gwargwadon abin da ya rasa, har suka buga misali da wanda yake zaucewa kwana ɗaya a wata, suka ce yana da kashi ɗaya cikin talatin na diyya. Mutanen da ba su da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, amma sun gane cewa hankali ba sai ya tafi duka ake cewa an yi hasara ba. Mu kuwa da muke da likitoci da na'urori, idan dai mutum ya tashi ya taka da ƙafarsa ya amsa sallama, shi ke nan, an ce ya warke.

A nan ne raunin ƙwaƙwalwa ya sha bamban da karaya. Karaya ana ganinta, mai ɗori ya ɗaure, a ƙirga kwanaki. Ita ƙwaƙwalwa kuwa ɓarnarta a ɓoye take. Wani zai bugu ya tashi ya karkaɗe riga ya tafi gida, jini na taruwa a hankali cikin ƙoƙon kansa, sai bayan wasu awoyi ya fara amai da magagi, ya sume. Shi ya sa likitoci ke cewa duk wanda ya bugu a ka ya suma ko da na ɗan lokaci ne, ko yana ta amai, ko jini ko wani ruwa na fita ta kunne ko hanci, a garzaya da shi asibiti, kar a ce a bari a ga gobe. Wanda ya tsira kuma, watanni bayan sallama sai a fara ganin mantuwa, saurin fushi, rashin kunya a bakin da aka sani da kamun kai, ciwon kai mai naci, wani har farfaɗiya. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, bayan goshi, shi ke riƙe da linzamin hali da tsara al'amura. Idan ya taɓu sai mutum ya zama kamar an musanya shi. Mu kuma a nan sai mu ce aljanu, ko sammu, ko kishiya. Ban musa samuwar aljanu ba, amma wanda tifa ta fasa wa kai, a fara tambayar tifar tukuna.

Shari'a ta san da wannan jinkirin. Ƙa'ida ce a fiƙihu cewa ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke an ga inda ya tsaya. An ruwaito labarin mutumin da aka soka da ƙaho a gwiwa, ya matsa a yi masa ƙisasi nan take, Manzon Allah (S.A.W) ya ce ya dakata har ya warke, ya ƙi, daga baya ya dawo yana ɗingishi, aka ce masa ai an hana ka ka ƙi ji. To ina hukuncin sulhun da aka ƙulla a farfajiyar asibiti, kwana na huɗu, majinyaci na kan gado da roba a hanci? An yafe abin da ba a ma san girmansa ba.

Ga kuma babbar tambayar da na yi wa yayan nan, wadda ta sa ya yi shiru: wa ya yafe?

Yafiya ibada ce babba, kuma Alƙur'ani ya kwaɗaitar da ita a wurare da dama. A ayar diyya ma an buɗe ƙofar cewa iyalan mamaci suna iya barin ta sadaka. Amma sadaka da abin hannunka ake yi. Idan mutum ya mutu, diyya ta zama gado, kowane magaji baligi mai hankali yana iya yafe rabonsa, ba ya iya yafe na maraya. Idan kuwa yana raye, diyyar raunin dukiyarsa ce shi kaɗai. Ba ta yayansa ba ce, ba ta kawu ba ce, ba ta mai unguwa ko liman ba ce. In hankalinsa ya dawo daidai ya ce ya yafe, Allah Ya ba shi lada. In kuwa hankalin ya taɓu, to ya shiga sahun waɗanda shari'a ta sa wa waliyyi, kuma waliyyi ɗan amana ne, ba ya taɓa dukiyar wanda ke hannunsa sai ta hanyar da ta fi masa maslaha. Ba ya kyauta da ita. Da yayan nan zai ɗauki gidan ƙanensa ya ba wa mai kamfani kyauta, duk unguwa za ta ce ya ci amana. To diyyar da ya yafe ta fi gidan tsada.

Mu kuma faɗa wa kanmu gaskiya, ba kowace yafiya ce don Allah ba. Wata tsoro ce, don mai motar babban mutum ne. Wata kunya ce, kar a ce dangin wane sun ci kuɗin jini. Wata gajiya ce da zaryar caji ofis da kotu. Wata kuma neman suna ce, a ce gidan su wane gidan mutunci ne. Dattawan za su watse da yabo, matar ce za ta kwana tana gadin mutumin da zai iya tashi tsakar dare ya buɗe ƙofa ya bi titi. Ba a tambaye ta ba a wurin zaman, ba a ma kira ta ba. Ciyarwarta da ta 'ya'yanta kuwa a wuyansa take, kuma daga dukiyarsa za a fitar. Ita wannan kalma ta "kuɗin jini" da muke ƙyama, Annabi (S.A.W) da kansa ya biya ta. Lokacin da aka kashe mutanen Banu Jazima bisa kuskuren fahimta, ya aiki Sayyidina Ali da dukiya ya biya diyyarsu da abin da aka lalata musu. Abin da ya halatta ya bayar, ta yaya zai zama abin kunya a karɓa?

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiya a wani ɓangare. Zai ce Malam, ba kullum kamfani ba ne. Sau da yawa ɗan acaɓa ne wanda babur ɗin ma na haya ne, ko direban da ke neman na cefane. Ka ɗora masa kilo huɗu na zinariya, ai ka kashe gida biyu maimakon ɗaya. Wannan damuwar shari'a ta riga mu. Diyyar kuskure idan ta kai sulusi zuwa sama, a mazhabar Malik, ba a kan mai laifin shi kaɗai take ba, a kan aƙila take, wato danginsa na wajen uba, a rarraba musu gwargwadon hali, cikakkiyar kuma a biya cikin shekara uku. Sayyidina Umar ya mayar da ita kan mutanen diwani, waɗanda rajistar albashi ɗaya ta haɗa. Daga nan wasu malaman zamani suka ga cewa ƙungiyar sana'a ko asusun taimakon juna na iya tsayawa a wannan matsayi. Ƙungiyoyin direbobi da na masu babura suna karɓar kuɗin tikiti kullum a tasha. Da za a ware wani abu daga ciki don irin wannan rana, da an raya sunna. Sannan dokar Nijeriya ta tilasta wa kowane mai mota yin inshorar da ke biyan wanda ya ji wa rauni, kuɗinta ma an ƙara shi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023 ga ƙananan motocin gida. Mutane na biya don tsoron 'yan sanda kawai, wasu ma takardar bogi suke saya a bakin ofis, ba wanda ke tunanin ana iya neman haƙƙi da ita. Malamai sun yi saɓani a kan inshorar kasuwanci, shi ya sa aka samar da takaful, amma da yawa daga cikinsu sun halatta wa wanda aka cutar ya karɓi haƙƙinsa daga kamfanin da mai laifi ya jingina da shi, don shi ba shi ya ƙulla cinikin ba.

Idan kuma an duba an ga mai laifin talaka ne tilis, ba dangi ba inshora, to a yi sulhu a kan abin da zai iya, a sassauta, a jinkirta. Sulhu alheri ne. Abin da nake ƙi shi ne a yi wa mai hali rangwamen da aka tanada don matalauci. Wanda aka gaya wa birki ya lalace ya ce a lallaɓa, don kar mota ta kwana ɗaya ba ta kawo kuɗi ba, ya yi lissafi ne. Ya auna kuɗin gyara da kuɗin buhun shinkafa ya ga shinkafa ta fi araha. Duk lokacin da muka ce mun yafe tun kafin a tambaye mu, muna tabbatar masa lissafinsa daidai ne, kuma tifar tana nan tana yawo. Fiƙihu ya ɗora lamuni a kan mahayin dabba da mai janta da mai korarta idan ta taka mutum, da wanda ya haƙa rami a hanyar jama'a ba da izini ba, da wanda ya yi likitanci bai san likitanci ba. Hikimar ba ta tsaya kan wanda aka riga aka cutar ba, har da wanda zai bi hanyar gobe.

Shi ma mai nema akwai iyakarsa. Haram ne ya ƙara gishiri, ko ya sayi takardar likita, ko ya koya wa majinyaci yadda zai yi haukan ƙarya a gaban alƙali. Idan shi ma yana da nasa sakacin, misali ya hau babur ba hular kwano, ko ya tsallaka titi yana latsa waya, ya faɗa, a rage abin da za a rage. Hukuncin alƙali ba ya halatta haram. Annabi (S.A.W) ya gargaɗi wanda ya fi abokin shari'arsa iya baki har aka yanke masa abin da ba nasa ba, cewa yankin wuta aka yankar masa. Batun wace kotu kuwa, inda kotun shari'ar Musulunci ke da hurumi a je can. Inda ba ta da shi, kamar idan ana ƙarar kamfani ko hukuma, malamai sun yi rangwame a nemi haƙƙi a kotun da ake da ita, muddin haƙƙin ake nema ba zalunci ba.

Abin da na gaya wa iyalan nan shi zan gaya wa duk wanda ke cikin irin halinsu. Kada a sa hannu ko a dangwala a kan takardar "mun janye" alhali majinyaci bai warke ba. A adana katin asibiti da hoton kai da kowane rasit, a karɓi rahoton 'yan sanda ko na jami'an kiyaye haɗurra, a rubuta lambar mota da sunayen waɗanda suka gani tun ba su manta ba. Matar ko wani na kusa ya riƙa rubuta abin da ya canza a halinsa, da ranar da ya faɗi, don likita da alƙali ba sa kwana a gidan. A ga lauya da wuri, saboda dokar ƙasa tana sa wa'adin shigar da ƙara, kuma idan abin ya shafi ma'aikacin gwamnati a bakin aikinsa wa'adin na iya zama wata uku kacal. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai hukumar gwamnati ta ba da agajin shari'a ga marasa ƙarfi, tana da ofisoshi a jihohi. Wanda kuma a wurin aikinsa ya ji raunin, akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010.

Yayan ya dawo bayan kwana biyu, shi kaɗai. Ya zauna ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce, "Malam, to yanzu da wane ido zan kalli dattawan nan? Ni na fara cewa mun yafe." Na ce masa ba sai ya je shi kaɗai ba, zan raka shi, kuma ni zan yi bayanin cewa yafiyar da aka yi ba ta hau kan mai haƙƙi ba tun farko. An mayar da majinyacin asibiti, likita ya ɗora shi a kan maganin farfaɗiya, tun lokacin bai sake faɗuwa ba, mantuwar dai tana nan. Wani lauya cikin masu sallah da mu ya karɓi takardun zai duba. Ranar Asabar in Allah Ya kai mu za mu zauna da dattawan bayan Azahar, kuma na roƙi a bar matar ta zo ta faɗi abin da take gani da bakinta.

Ku sa shi a addu'a. Wallahu a'alam.